Daɓen da Ya Ɗauki Igwa

Ranar da aka fito da igwa daga gidan maƙera, ko kaza ba ta zauna a gida ba a Birnin Damagaram. Ai dole! Wata bakwai ana jin zuga-zugi da guduma, ana ganin raƙuma suna kawo tagulla daga Zango, unguwar fatake, ana cewa Sarki ya sa a zuba wata bindiga wadda ƙato zai iya cusa kansa a bakinta. Wasu sun ce ƙarya ce. To ga ta nan yau, kwance a kan gadon itace mai ƙafafu huɗu masu birgima, shanu takwas a gaba, ƙarti sun fi arba'in a baya, za a kai ta ƙofar garu.

Falmata tana tsaye a bakin gidanta tana kallo, hannu a ƙugu. Mace ce da ta haura hamsin, gajera, mai damtse kamar na maƙeri, kuma ita ce uwar daɓe ta unguwar. Duk ɗakin da ka shiga ka ga ƙasa tana sheƙi, ba sai ka tambaya ba, hannunta ne. Gidan nata yana kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse, hanya kuwa ta gangara ta gefensa ta faɗa kwari. Kwarin nan kowa ya san halinsa: taku arba'in ne, sama rairayi, ƙasa laima, ko jaki mai kayan gero sai ya yi nishi kafin ya fita.

Nan aka dosa da igwa, ana kiɗa, ana ihu. Taku ashirin ta yi, ƙafafun suka nutse. Aka zuba wa shanu bulala, ƙarti suka yi ta kabbara suna turawa, sai ji aka yi ƙas! Ƙafa ɗaya ta tsage biyu, igwar ta karkace ta zauna abinta.

Falmata ta riƙe ciki don dariya. Ta ce wa Kulu, maƙwabciyarta kuma abokiyar aikinta tun suna 'yan mata, "Kulu, zo ki ga amaryar Sarki ta ƙi tafiya! Maza arba'in, wallahi ba wanda ya tambayi kwarin nan ko ya yarda."

Sai da aka yi wuni guda da igiyoyi da gungume kafin a ciro ta a mayar da ita baya. Washegari da hantsi Falmata tana tankaɗe sai ta ji sallama. Ta fito ta tarar da Illa, Sarkin Magina, da mutanensa biyu, ɗaya riƙe da ƙwarya cike da farar ƙasa. A gabanta Illa ya tsoma hannu ya ja dogon zane a jikin katangarta. Dariyar jiya ta koma ciki.

Ta ce, "Sarkin Magina, ranka ya daɗe, mene ne wannan?"

Illa dogo ne, mai magana a hankali, ba mugu ba ne, amma mutum ne da aka ɗora wa kaya. Ya ce, "Ya Falmata, ki yi haƙuri. Kwarin nan ba zai ɗauki igwa ba, kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu a baya. Gidanki a kan dutse yake. Ta nan hanya za ta bi. Za a ba ki fili a bayan marina."

Bayan marina! Inda warin baba yake hana mutum cin tuwo! Amma ba warin ne ya soke ta ba. A gidan nan aka yanke mata cibiya. Tsakar gidan nan Iya, mahaifiyarta, ita ce ta daɓe ta da hannunta, yadda ta koyo a Barno, kuma shekara arba'in da wani abu ke nan ko tsaga babu. Iya ta rasu ba ta bar zane ko munduwa ba, daɓen nan ta bari. Kullum da safe in Falmata ta taka shi da ƙafa ba takalmi, sai ta ji kamar ta gaida uwarta.

Bakinta ya riga hankalinta. Ta ce, "In don hanya ce, ni zan daɓe muku ita."

Mutanen Illa suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, "Iya, igwa fa aka ce, ba gadon amarya ba."

Ta ce, "Kai kuma wa ya sa da kai? Jiya na gan ka cikin masu turawa, har wandonka ya kwance."

Illa ya danne murmushi. Ya kalli kwarin, sannan ya ce, "Masassaƙa sun ce sai kwana goma sha biyu su gama sabuwar ƙafa. Kafin nan ba abin da zan yi da gidanki. Ki gwada. In hanya ta ɗauka, da hannuna zan goge zanen nan. In ba ta ɗauka ba, ranar ta goma sha uku zan zo da magina."

Kafin azahar labari ya gama unguwa: Falmata ta kira gayya, kuma ba ɗaki za a daɓe ba, hanyar Sarki ce! Kai, mata suka yi ta fitowa kamar ana rabon goro. Kowace da madaɓinta, guntun itacen nan mai faɗi da ake bugun ƙasa da shi. Wasu suka ɗebo jar ƙasa da tsakuwa a kwanduna, wasu suka jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ruwansa ke sa daɓe ya yi tauri ya yi baƙi. Aka baje ƙasa a kan rairayin, aka yayyafa ruwa, mata sittin suka durƙusa a jere. Falmata ta ɗaga madaɓi ta ba da waƙa, suka amsa, suka sauke a tare. Dim! Har cikin zauren Sarkin Magina ana jin ƙasa tana motsi. Waƙar ma a kansa aka yi ta, wai Illa dogo ya auri igwa ta ƙi tarewa.

Kwana uku ana bugu, kwana biyu rana tana gasawa, ana bi da ruwan makuba safe da yamma. Ranar ta shida hanya ta fito sumul, baƙa, tana ɗaukar ido. Mutane suka riƙa cire takalma kafin su taka. Falmata ta ji kanta ya yi girma, ba ta ɓoye ba.

Illa ya zo ya duba, ya buga dunduniya, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kyau kam ta yi. Bari mu ji ta bakin nauyi." Ya sa aka jawo wani tsohon gadon igwa, aka loda masa duwatsu, aka ɗaura shanu.

Taku uku na farko lafiya lau. Mata har sun fara guɗa. A na huɗu sai aka ji wata ƙara kamar ana taka ɓawon ƙwai. Daɓen ya tsage, ya lotsa, rairayin ƙasa ya bulbulo ta tsagar. Ƙafafun suka yi ta yanka shi suna tafe, suka bar kwari biyu dogaye tun daga farko har ƙarshe. Guɗa ta tsaya a maƙogwaro. Aikin kwana biyar, ko shan ruwa ba a yi ba ya zama tarkace.

Illa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Ya Falmata, saura kwana shida. Da kin fara haɗa kaya."

Da gari ya waye ta jawo turmi ta zuba gero ta hau daka, ba don tana jin yunwa ba, don dai ta samu abin duka. Tana daka tana zagin igwa, da maƙerin da ya zuba ta, da raƙumin da ya kawo tagullar. Kulu ta shigo ta zauna a bakin murhu, ta bari sai da ta gaji.

Kulu ta ce, "Daka a hankali, kar ki fasa turmin. Daɓen kam na san ba abin da zai same shi."

"Kulu, ba na son wasa yau."

"Ba wasa nake ba. Ni dai abin yana ba ni haushi. Ke kika daɓe mini tsakar gida, kuma duk shekara biyu sai gindin turmina ya yi rami, sai mun sake. Nan kuwa tun muna yara ake daka, har da sussukar biki, mata shida a turmi biyu. Dubi wurin. Ko lotsawa bai yi ba. Ke da Iya ba hannu ɗaya ba ne?"

Taɓarya ta tsaya a sama. Falmata ta sauke ta a hankali, ta ture turmin gefe, ta durƙusa ta shafa wurin. Sumul, daidai da ko'ina. Shekara arba'in ana sauke masa nauyi a wuri ɗaya!

Ta yi ƙoƙarin tuna ranar da aka yi shi. Tana da shekara bakwai. Abin da ta tuna kawai shi ne tulu: Iya ta yi ta aikenta rijiya, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kwana da kwanaki. Bugun ƙarshe kaɗai ta gani, shi ta koya, shi ta yi ta yi har ta tsufa. Abin da ke ƙarƙashi ba ta taɓa gani ba.

Ta miƙe ta shiga ɗaki ta fito da dagi, ƙarfen haƙa rami.

Kulu ta zabura. "Ke! Falmata! Kin haukace? Don daɓen nan fa kike wannan wahala duka!"

"Na sani."

Wallahi da a ce mata ta sari ƙafarta da ya fi mata sauƙi. Ta ce, "Iya, ki yafe mini," ta rufe ido ta sauke dagin. Ya yi tsalle ya dawo, sai ka ce dutse ta sara. Sai a sara na bakwai ya shiga.

Suka ɓamɓare ɓawon sama, kaurinsa bai wuce yatsa uku ba. Abin da suka gani a ƙasa ya sa Kulu salati. Tsingaro ne, fasassun tukwane, dubbai, amma ba a kwance ba. A tsaye aka jera su a kan gefensu, a matse ƙam kamar haƙora, layi yana gicciye layi, an cike tsakaninsu da yumɓu. Falmata ta sa dagi ta danna ɗaya da dukan ƙarfinta. Bai motsa ba, don na kusa da shi sun riƙe shi, su ma na kusa da su sun riƙe su. Ta ci gaba da haƙa. Ƙarƙashin tsingaron tsakuwa ce, ƙarƙashin tsakuwa manyan duwatsu, har zuwa kan fa. Ko ƙwayar rairayi Iya ba ta bari ba. Ta bi layin da haƙa har bakin katanga don ta ga abin da ya tare gefen, ta tarar da dogayen duwatsu an kafa su a tsaye, kuma tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya gangare.

Ta zauna daɓas a cikin ramin, ƙasa har gira, ta fashe da dariya tana hawaye. "Kulu, ashe shekara talatin fata nake yi wa mutane ba ƙashi! Tashi! Tashi ki kira mini mata!"

Ita kuwa ta tafi da gudu, zane a hannu, har zauren Illa. Ta kamo hannun rigarsa a gaban mutanensa, abin da ba a yi, ta jawo shi har tsakar gidanta. Ya durƙusa a bakin ramin ya daɗe yana kallo. Ya zaro tsingaro ɗaya da ƙyar, ya juya shi, ya mayar. Magini ne, ba sai an yi masa bayani ba.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Uwata."

"Allah ya ji ƙanta. Haƙa da duwatsu nawa ne, zan ba ki maza talatin. Amma tsingaron taku arba'in, Ya Falmata, a ina za ki same shi cikin kwana biyar?"

A ina? A Damagaram mana! Garin da kowace mace take fasa tulu ta ɗora wa akuya laifi! Kafin la'asar babu jujin da ba a tone ba. Aka kwashe na bayan marina, aka kwashe na masu ginin tukwane. Matan Zango suka shigo da jakuna, mangaloli cike da fasassun tulunan fatake. Wata tsohuwa ta kawo randar da ta tsage tun bara ta fasa ta a bakin kwari, aka yi mata guɗa, sai ga wasu sun ruga gida su ma. An ce a ranar akwai magidancin da ya dawo bai samu kaskon alwala ba.

Maza suka kwashe rairayi har suka tarar da ƙasa mai tauri, suka jera duwatsu, suka kafa na gefe, suka zuba tsakuwa. Mata suka bi baya a durƙushe suna kafa tsingaro ɗaya bayan ɗaya, Falmata tana bin layi da sanda. Duk inda ta ga an kwantar da guda sai ta daka tsawa: "A tsaye na ce! Wannan barci yake yi? Tashe shi!" Yatsu suka farfashe, gwiwoyi suka saluɓe, ba wadda ta tafi gida. In an gama taku biyar sai a zuba yumɓu da makuba a hau bugu, zafin bazara yana busar da na baya.

Ranar ta goma da hantsi tsingaro ya ƙare. Daga baki biyu aka faro aikin, saura taku huɗu a tsakiyar kwarin, daidai inda igwa ta nutse. An aika ko'ina, babu. Kulu ta ce a fasa sababbin tukwane, Falmata ta ce na wa, mutane su sha ruwa a tafin hannu?

Ta juya ta kalli gidanta a kan fa. Tsagar da ta yi a tsakar gida za ta gyaru, ta riga ta shirya yadda za ta toshe ta. Sannan ta ce, "Ku ɗauko kwanduna ku biyo ni."

Ba wadda ta yi waƙa a wannan aikin. Suka ɓamɓare daɓen Iya tun daga bakin zaure har ƙofar ɗaki, Falmata da kanta take zaro tsingaron tana miƙawa. Can wajen gindin randa ta zaro wani ja mai zanen igiya a wuya, sai ta tsaya. Ta san shi. Guntun tulunta ne na farko, wanda ta fasa a hanyar rijiya a kwanakin da Iya take daɓen, ta dawo tana kuka tana jiran duka. Iya ba ta dake ta ba, ta karɓi guntayen a zanenta ta ba ta wani tulun. Ashe nan ta kai su. Falmata ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ci gaba da miƙa sauran.

Ya isa cif, kamar an auna.

Ranar ta goma sha uku aka sake fito da igwa. Jama'ar da ta taru ta ninka ta farko, har kan duwatsu da rassan itace. Sabuwar hanyar ba ta da sheƙi irin na farkon, kan tsingaro yana ɗan leƙowa, shanu suna samun wurin kafa kofato. Falmata ta tsaya a tsakiyar kwarin, a gefen taku huɗun nan, zuciyarta tana bugu kamar ana daɓe a ƙirjinta.

Ƙafafun gaba suka hau. Ƙasa ta yi gurnani. Taku biyar, taku goma. Makaɗa sun manta da kiɗa. Taku goma sha biyar. Igwar ta iso gabanta, inuwarta ta rufe ta, tana jin nauyin yana shigowa ta tafin ƙafarta. Ba ta san ta buɗe baki ba sai ji ta yi tana ihu: "Riƙe, Iya! Riƙe!"

Ƙafa ta gaba ta wuce. Ta baya ta wuce. Falmata ta faɗa a gwiwa ta shafa wurin da tafin hannu. Ƙura ce kawai, da ɗan farin zane inda itace ya goga.

Wayyo, guɗar da aka yi a ranar! Kulu ta rungume ta suka faɗi tare. Ƙarti suka saki igiya suna rawa, sai da aka daka musu tsawa. Illa bai yarda da sau ɗaya ba, ya sa aka bi da gadon duwatsun nan sau bakwai, gaba da baya, yana tafe a gefe yana duban ƙasa. A na bakwai ya miƙe, ya hau tudu har katangar Falmata, ya naɗe hannun babbar rigarsa ya goge farar ƙasar da ita, jama'a suna kallo.

Ya ce, "Gidanki naki ne, Ya Falmata. Akwai wani kwarin a hanyar ƙofar yamma. In kin huta za mu yi magana."

Da yamma ta shiga gida, mata suka biyo ta da ƙoren fura. Suka tsaya cirko-cirko a bakin zaure, don babu wurin zama. Tsakar gidan ta zama rami, tsakuwa da duwatsu a fili, turmi a jingine da katanga. Falmata ta cire takalmi ta taka. Tsakuwa ta soke ta. Gida ya tsira, amma abin da take gaisarwa kowace safiya yana can ƙarƙashin hanyar Sarki, shanu suna bi ta kansa. Ta yi kuka sosai, ba wadda ta hana ta.

Da ta share ido sai ta kwance bakin zanenta ta fito da jan tsingaron. Ta durƙusa daidai inda turmi yake zama, ta kafa shi a tsaye a cikin tsakuwa. Wata daga cikin matan ta ce bari ta ɗebo ruwa a kwaɓa yumɓu, ta sunkuya za ta ɗauki tulu.

Falmata ta ce, "Ajiye tulun nan. Yau ba mai zuwa rijiya. Ku matso dukanku ku durƙusa, ku ga yadda ake fara shi tun daga ƙasa."